Wai Tana Kama Kowane Kifi

Ɗan ƙanwata ya zo mana Cheberu hutun makaranta da wata doguwar baƙar jaka rataye a kafaɗa, irin wadda in ka gamu da mai ita da dare a hanyar Kalgo sai ka yi salati ka ja gefe. Da ya buɗe sai ga sandar fatsa ta zamani, gaɓa uku, in an haɗa ta tana haura mita 4, ga kwarkwaronta mai ruwan zinari kusan girman kan jinjiri. Yaran gida suka yi masa zobe. Ni kuwa tambaya ɗaya na yi masa: wane kifi ka saye ta domin shi? Ya ce, "Kawu, ai mai shagon ya ce tana kama kowane kifi."

Tun ranar maganar nan take cina. Kowane kifi! A ƙasar Kabi za a zo a gaya wa yaro haka, kuma ya yarda, har ya ƙirga kuɗi ya bayar.

Kun san ni, ban taɓa cewa ni masunci ba ne. Amma na tashi a inda ko yaron da bai iya wanke hancinsa ba ya san ƙugiyar karfasa daban, ta tarwaɗa daban. Masuntan ƙasar nan ba su taɓa fita da makami ɗaya su ce ya ishe su shekara ba. Akwai lokacin birgi, akwai na taru, akwai inda ake shimfiɗa mamari a bar shi ya kwana, akwai inda gura kawai za a kafa a tafi gida. Mutum ya dubi ruwa, ya dubi watan da ake ciki, ya tuna abin da ke zaune a wurin, sannan ya san abin da zai saɓa. Damina ta yi malka ruwa ya shafe fadama, aiki daban ne. Kaka ta yi ruwa ya janye ya bar tafkuna, wani aikin ne kuma. Sai ga shi yau an kawo mana sanda mai ƙyalli, an ce ilimin nan duk a naɗe shi a ajiye, ita kaɗai ta gama magana.

Na ɗauki sandar na juya ta. A kusa da mariƙinta akwai rubutu, kuma duk sandar kirki tana da shi: tsawonta, da nauyin abin da aka ƙera ta ta jefa. Tasa an rubuta giram 100 zuwa 200. Wannan sandar bakin teku ce. An yi ta ne don mutum ya tsaya a kan yashi ya wurga dalma mai nauyi can bayan igiyar ruwa. Kwarkwaron kuma lamba 8000. Ga wanda bai sani ba, lambar nan girma take nunawa: 1000 zuwa 2500 na ƙananan kifi ne da siririn zare, 3000 zuwa 4000 matsakaita, daga 5000 zuwa sama an shiga sahun manya. To shi tafkin da yaron nan ya nufa, in ka shiga tsakiyarsa ruwa a ƙugu zai tsaya maka. Kamar mutum ne ya ɗauko tirela don ya kai ƙullin gishiri maƙwabta.

Na bi shi, don ba a ba ni labarin irin wannan. Jifan farko dalmar ta tsallake tafkin gaba ɗaya ta faɗa gonar shinkafar mutane. Na biyu sandar ta sarƙe a reshen giyayya tun kafin ta bar bayansa, saboda ba wanda ya gaya masa sanda mai mita 4 tana son fili. Na uku zaren ya zubo daga kwarkwaron gaba ɗaya ya dunƙule kamar sheƙar tsuntsu, don an cika shi maƙil har ya fi bakin. Ƙa'ida a bar ɗan rata, kamar kaurin tsinken ashana, tsakanin zare da leɓen kwarkwaro. Muka zauna warwara har rana ta yi ja. Duk wannan hidima, can gefe wani yaro da bai fi shekara 9 ba yana tsugune da tsumagiya, da zaren da bai fi gaba biyu ba, da guntun totuwar kara yana yawo a kan ruwa, ga tana a gwangwanin madara. Karfasa bakwai na ƙirga a tsirkiyarsa. Wani dattijo da ya zo wucewa da jakinsa ya tsaya ya daɗe yana kallon ɗan ƙanwata, sannan ya ce, "Ɗana, wagga sanda kifi aka kamu da ita ko mangwaro aka kaɗowa?"

Ban yi dariya a gabansa ba. Sai da na koma gida.

Abin da ke ba ni haushi ba sandar ba ce, kalmar nan ce ta "kowane kifi". Karfasa bakinta ƙarami ne, tana kiwo a gefen ciyawa da baɗo, cinta kuma tsattsaga ne, ɗan taɓi kaɗan. Tana son ƙaramar ƙugiya, siririn zare, da sanda mai laushin kai wadda za ta gaya wa hannunka an taɓa. In dole sai ka yi zamani, sanda mai mita 2 ko ƙasa da haka da kwarkwaro lamba 2000 sun ishe ka har ka bayar da sadaka. Sa mata sandar bakin teku, za ta cinye tanarka ta yi hamdala ta tafi, kai kana tsaye kana gyara hula ba ka ji komai ba.

Tarwaɗa kuwa 'yar ƙasa ce, a taɓo take, da gashin bakinta take laluben abinci, kuma ta fi sakin jiki daga magariba zuwa dare. Ba ruwanta da kifin roba mai walƙiya da ake sayar wa yara a cikin kwali. Ba ta hanjin kaza, ba ta tana, ba ta abin da ke wari, ka sa dalma ta kwantar da shi a ƙasa, ka samu wuri ka zauna. Nan kana son sanda mai ɗan ƙwari da zare mai jure gogayya, domin da ta ji ƙugiya saiwa ko kututture za ta nufa, kuma in ta shige an gama. Tsage wani mutum ne daban. A ruwa mai gudu yake, farauta yake yi, shi ne ma zai bi ƙarfe mai ƙyalli in kana jansa da sauri. Amma haƙoransa almakashi ne; in ba ka ɗaura guntun waya tsakanin zare da ƙugiya ba, komai tsadar kayanka kyauta ka kai masa. Kurungu ya kafe ƙayoyinsa, minjirya ta ba ka wutar da ba ka biya kuɗinta ba. Gaiwa fa, da rani ta shige taɓo ta yi ɗaki ta kwanta har ruwa ya dawo? Ita da fartanya ake tono ta. Ina son mai shagon nan ya gaya mini lambar kwarkwaron da ake kama gaiwa da shi.

Saura giwan ruwa, wanda shi ne a zuciyar duk yaron da ya sayi babbar sanda. Na sani, ni ma na yi ƙuruciya. Amma giwan ruwa ba ya zama a kududdufin bayan gari. Manyan ruwaye yake so masu zurfi, irin Neja ta wajen Yawuri da tafkin Kainji da aka datse a 1968. In can za ka, to, ɗauki kwarkwaro lamba 6000 ko sama, da zare mai yawa mai ƙarfi, da sanda gajera kakkaura in a jirgi kake, ba wannan doguwar gorar ba. Ka ga ko babban kifin ma bai ce a zo masa da sandar da yaron nan ya saya ba.

Kuma don Allah a daina yi mana kallon waɗanda ba su san babban kifi ba sai da Japan ta aiko da ƙarfe. Ga Argungu nan kusa da mu. Tun 1934 ake bikin su a Matan Fada, tun zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu garin, abin da ya rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya. A bikin watan Maris na 2020 kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne. Da me aka fito da shi? Homa, gora, da ƙarfin damtse. Babu kwarkwaro mai ruwan zinari a wurin. Kuma ba wanda ke faɗawa ruwan sai Sarkin Ruwa ya gama nasa aikin an ba da izini. Su ma masu homar ba za su gaya maka tana kama kowane kifi a kowane ruwa ba. Sun san ranarta, sun san wurinta.

Wani abin ban dariya, shi kansa kwarkwaron nan ɗan gidan masaƙa ne. Baturen Ingila da ya yi masa rajista a 1905, Alfred Illingworth, mai masaƙar tufafi ne daga yankin Bradford, kuma yadda zare ke zubowa daga kan kwarkwaron saƙa ba tare da shi kwarkwaron ya juya ba, haka na fatsar yake yi. Shi ya sa na ƙi kiransa inji kamar yadda yaran ke yi. Illingworth ya ƙirƙiro shi ne don a iya jefa ƙaramin koto marar nauyi da siririn zare. Wato tun asali an yi abin ne don wata buƙata guda. Mu ne muka mai da shi maganin a-sha-a-yi-wanka.

Ai kuwa abin da yake tuna mini ke nan: mai maganin mota a ranar kasuwa, da lasifika, ƙulli ɗaya yana maganin basir da shawara da ciwon baya da mugun mafarki. Bambancin kawai wannan a waya ake tallarsa. Yaro ya kalli wani a TikTok ko YouTube yana tsaye a jirgi mai inji a tekun da ko sunansa bai iya faɗa ba, sanda ta lanƙwashe, kwarkwaro yana kuka, sai ya ce shi ma. Ba ya tambayar ruwan, ba ya tambayar kifin. Abin da yake tambaya: wacce ta fi girma, wacce ta fi ƙyalli, wacce aka rubuta wa 12+1 a kwali. Lambar nan ta ƙarshe yawan boris ɗin da ke ciki take nufi, kuma guda huɗu na ƙwarai sun fi goma sha biyu na gwangwani. Sau da yawa ma sunan da ke jiki ya yi kama da Shimano ko Daiwa ne kawai, an sauya harafi ɗaya, haƙoran ciki kuwa na roba. Araha ba ta ado. Sannan ba wanda ya yi lissafin ƙasarmu: a ajiye kwarkwaro a kan yashi sau biyu, ƙurar hunturu ta shiga sau ɗaya, sai ka ji yana gurza kamar dutsen niƙa. In wani ɗan ƙarfe ya karye a ciki, daga nan har Birnin Kebbi sai dai ka kai wa mai gyaran agogo ku yi ta kallon juna. Tsumagiya in ta karye, ka miƙa hannu ka yanko wata.

Za a ce kuɗinsa ne, nishaɗinsa ne, ba sana'a ya ce zai yi ba. Na ji.

Kuma tunda gaskiya ba ta ƙin a faɗe ta, akwai abu biyu da na sallama, ba da son raina ba. Na farko birki. A saman kwarkwaron akwai wani maɓalli da ake murɗawa. In ka daidaita shi, duk lokacin da kifi ya fizga da ƙarfin da zai tsinke zare, sai ya sakar masa kaɗan kaɗan yana riƙe da shi, har ya gaji. Wannan dabara ce, tsumagiyarmu ba ta da ita, kuma manyan tarwaɗa nawa suka tafi da ƙugiyata ina yaro saboda rashinta. Sai dai fa ɗan ƙanwata ya ɗaure nasa tamau, don a ganinsa abin da ke kwance lalacewa ya yi. Kwana huɗu yana riƙe da kayan bai san amfanin abu ɗaya tilo da ya sa suka fi na yaron totuwa ba. Na biyu, mai fatsa kifi ɗaya yake ɗauka a lokaci ɗaya. In aka ce in zaɓa tsakaninsa da wanda ke jan gidan sauro a tafki yana kwashe har 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba, ko wanda ke zuba gamalin ya kashe na ci da na bari, wallahi na zaɓi mai sandar bakin teku, ya yi ta jifan gonar shinkafa har ya gaji. Aƙalla shi kifin bai san ma ya zo ba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kafin ka ciro kuɗi, ka je bakin ruwan da za ka riƙa zuwa, ka tsaya. Akwai itatuwa a bayanka ko fili ne? Ƙasan taɓo ne ko yashi, akwai kainuwa da baɗo ko babu? Ka gai da tsohon da ka tarar yana gyaran koma, ka ce, "Baba, me ake samu a nan yanzu?" Zai gaya maka, har da abin da suke ci, ba ko sisi. Sannan ka je shago ka faɗi sunan kifin da bakinka. In mai shago ya ce maka kowane kifi, ka tambaye shi yaushe rabonsa da jiƙa ƙafa. Kuma in sandarka ta kabon ce, ka kula da wayar lantarki a sama, hadari ya taso kuma ka kwantar da ita, don tana ɗaukar wuta. Wannan ma ba a gaya wa yaron ba.

A rana ta biyar ɗan ƙanwata ya cire gaɓar sama ta sandar, siririyar, ya ɗaura mata zare gaba biyu, ya roƙi yaron nan mai tsumagiya guntun totuwa da tana uku. Ya kamo karfasa biyu da kurungu ɗaya da ya soke shi a babban yatsa. Kwarkwaron yana cikin jaka a ɗakin kakarsa. Da zai koma ya ce in ajiye masa, wai in ya samu hutu mai tsawo za mu Yawuri. Na rataye jakar a ƙusa kusa da buhun iri. Jiya na tarar zanzaro ya fara gini a bakin zif ɗin.