«Ba ya zafi, ba ya shan ruwa»: gyara kan tallan abin hawa mai lantarki

Tun da fetur ya yi tsada a 2023, za ka ji masu tallan babur da adaidaita sahu mai lantarki suna cewa ai injinsa ba ya zafi, tunda babu wutar da ke ci a cikinsa. Maganar da daɗin ji, amma rabin gaskiya ce, kuma rabin da suka bari shi ne zai ci maka kuɗi.

Gaskiyarsu ita ce, injin lantarki yana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar batir zuwa tafiya, na fetur kuwa da ƙyar yake kai kashi 40. To sauran kashi 10 ɗin fa? Zafi yake zama, akasari a cikin koyil. Kuma idan wutar da ke bin waya ta ninka sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa.

Yanzu ka ɗauko wannan lissafi ka kawo shi hanyar ƙauye a ranar kasuwar Ɗambatta ko ta Bichi. Watan Afrilu ne, zafin gari ya haura digiri 40, an loda buhunan gero, taya tana nutsewa a rairayi. Injin yana zuƙar wuta da yawa alhali tafiyar hawainiya yake yi, don haka iskar da za ta fifita shi babu. Ƙurar da ta toshe tsagin jikinsa kuma ta zame masa bargo.

Ɓarnar a ɓoye take. Maganaɗisun niyodimiyam na gama-gari yana fara rasa ƙarfinsa daga digiri 80, kuma ƙarfin ba ya dawowa ko ya huce. Shafen da ke rufe wayar koyil shi ma injiniyoyi suna ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin kwanansa. Sai ka ga abin hawa ya fara kasala a hawa, ka ɗora wa batir laifi.

Manyan motoci ba su yi wasa da wannan ba. Hyundai Kona, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 2020, ruwan sanyaya ne ke zagaya injinta ya bi ta lagireto. Yawancin ƙananan da ake kawo mana kuwa iska kaɗai suka dogara da ita, mai talla kuma ba zai faɗa maka ba.

Saboda haka kafin ka sayar da ɗan bijiminka ka saya, tambayi abu uku: da me ake sanyaya injin? Yana da na'urar da ke rage wuta idan ya yi zafi? Nauyin kilo nawa aka yi shi ya ɗauka? Idan ka riga ka saya, rage lodi da tsakar rana, ka riƙa goge ƙurar, in ya yi zafi ka tsaya a inuwa. Kada fa ka watsa masa ruwa.