Barnett da Hunter sun san sunan gida, ba su san sunan yanka ba

Idan ka bi ta gonakin Jega ko Maiyama bayan an yanke dawa, ɗauki busasshen kara ɗaya ka tsaga. Wani lokaci za ka tarar totuwar ta koma zare-zare, da ɗige-ɗige baƙi kamar an barbaɗa garin gawayi. Fangas ne, daga gidan Macrophomina, mai kwantar da dawa a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. Ire-irensa suna da yawa a kan matattun karare, amma ba ka bambance su sai ka kankaro kaɗan, ka ɗiga masa shuɗin rini a kan gilashi, ka leƙa ta maikuroskof.

To daga nan ne ɗalibi ke jawo littafi, kuma a ƙasar nan kusan kullum littafin ɗaya ne: Illustrated Genera of Imperfect Fungi na H. L. Barnett, wanda ya fara fitowa a Amurka a 1955, daga baya Barry Hunter ya sa hannu a ciki. Ba zan ɓoye maka ba, ina son littafin nan. Zanensa yana koya wa ido gani. Ɗauki ganyen albasar Aliero da ya yi tabo mai ruwan shunayya. A gona, cutar Alternaria da ta Stemphylium sai su rikita ka. A ƙarƙashin madubi kuwa, ƙwayar irin Alternaria mai kama albasa tana da doguwar jela kamar ta talibambam, ta Stemphylium kuma dunƙulalliya ce, babu jela. Shafi biyu na littafin sun raba maka gardama.

Matsalar tana rubuce a bangon littafin, ba a dai karantawa. Kalmar "genera" tana nufin gidaje, wato dangi. Littafin zai kai ka ƙofar gida ya tsaya. Amma sau nawa na karanta rahoton bincike da ya jero cikakkun sunayen jinsi goma, hujjarsa kaɗai "an tantance bisa Barnett da Hunter"? Daga ina sunan yankan ya fito?

Kada ka ɗauka rigimar malamai ce kawai. Shekaru da dama ana kiran wani fangas na hatsi Fusarium moniliforme, sai aka gano jinsuna da yawa ne aka cusa cikin suna ɗaya. Daga cikinsu akwai Fusarium verticillioides, wanda ya fi zama a masara yana kuma samar da gubar fumonisin, da Fusarium thapsinum na dawa, wanda aka ware a 1997, shi kuma ba kasafai yake yin wannan gubar ba. Dukansu biyu suna jera ƙananan ƙwayoyinsu kamar carbi, ido bai cika raba su ba. Ka ga wanda ya ba da suna da ka, ya yanke hukunci ke nan a kan tuwon mutane. Shi ma Macrophomina ɗin da ka gani a kara, a 2014 aka bayyana masa wani ɗan'uwa a Sanagal, shi ya sa na tsaya a sunan gida.

Na san amsar da za a ba ni: gwajin DNA tsada gare shi, wuta ma ba ta zama. Gaskiya ne. Amma auna tsawo da faɗin ƙwayoyi talatin ba ya cin kuɗi, haka ƙirga ɓangarorin kowace ƙwaya, da ɗaukar hoto da waya ta bakin madubin. Ka rubuta "Fusarium sp." idan iyakar abin da ka gani ke nan. Sannan ka busar da karan, ka sa a ambulan, ka rubuta sunan shukar, garin da ranar, domin mai na'ura ya samu abin dubawa ko bayan shekara goma.