Dala nawa ke nan? Sharhi kan umurnin Notation na Coq

Coq, manhajar tantance hujjojin lissafi da ta koma Rocq a 2025, tana da umurnin Notation: mutum ya ƙirƙiro alamarsa, na'ura ta karanta, ta kuma buga masa ita. Mu auna shi da ƙirgen kuɗin mutanen Baudeta ta ƙasar Tasawa, inda dala take tamma 5. In muka ce «dala n» na nufin 5 × n, da an gama lissafi dala 20 za ta dawo 100 tsurarta. Garke 5 na awaki ashirin-ashirin kuwa a buga shi «dala 20». Siffar rubutu kaɗai manhajar ke dubawa. A ganinmu, sai an ware wa dala nau'inta kafin ɗalibi ya amince da abin da aka buga.