Tagullar Indiya: Ƙafa Nawa, Tan Nawa?

A 2023, da Indiya ta karɓi baƙuncin taron G20, an kafa mutum-mutumin Nataraja, wato Shiva mai rawa, a ƙofar Bharat Mandapam da ke Delhi. Tsayinsa ƙafa 27, nauyinsa wajen tan 18. Masu zubin Swamimalai ta jihar Tamil Nadu ne suka yi shi, kuma sun yi aiki. Abin da ya dame ni shi ne bakin kowa ya tsaya a kan ƙafa nawa, tan nawa. Yayin da ake ciki ke nan: a ɗauko siffar zamanin daular Chola, a kumbura ta, a girke a gaban otal ko zauren taro.

Ni ba ibada ta kai ni wurin ba, aikin hannu ne. A Swamimalai da tsinken ganyen kwakwa ake awon jiki. A fitar da siffa da kakin zuma, a lulluɓe ta da yumɓun kogin Kaveri, a gasa har kakin ya tsiyaye, sannan a ɗura narkakkiyar tagulla a gurbinsa. In ta huce sai a fasa yumɓun, shi ya sa babu guda biyu iri ɗaya. Haka magabatan Ife da Benin suka yi nasu. Ido kuwa shi ake buɗewa daga ƙarshe.

Wadda nake ganin ta gane bakin zaren ita ce Meera Mukherjee, mai zubin tagulla 'yar Indiya. Ta yi karatu a Munik ta Jamus, amma da ta dawo gida sai ta nufi Bastar, ta durƙusa gaban masu zubin Dhokra tana ɗaukar darasi. Su murza kaki suke yi ya zama siririn zare, su naɗe jikin siffar da shi layi-layi. Da wannan ta fitar da masunta, da mata masu ɗinki, da mawaƙan Baul masu yawo ƙauye-ƙauye. Ka matsa kusa, za ka ga inda zaren ya karkace a ƙarƙashin yatsa.

Ita ma ta yi manya, kamar Sarki Ashoka a Kalinga, tsaye bayan yaƙi, nadama ta lulluɓe shi. Amma ba wanda ya gan shi ya fara da tambayar tsayi. Tana kan aikin wani babban Buddha a zaune ta rasu a 1998.