Shaihu Umar da Muka Bari a Aji

Yawancinmu saboda jarrabawa muka fara buɗe Shaihu Umar. Muka haddace sunayen taurari, muka amsa tambayoyi, muka ajiye. Yau kuwa muna iya kwana kan waya muna bin labari mai babi ɗari a WhatsApp, amma ɗan littafin da za a iya gamawa tsakanin la'asar da isha'i ya gagare mu komawa.

Littafin na cikin biyar ɗin da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, tare da Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana malamin makaranta ya rubuta shi, tun ba a san zai zama Firayim Minista ba.

Da muka sake karanta shi da girmanmu, sai muka tarar ba littafin da muka bari ba ne. A aji an koya mana labarin yaron da aka sace, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, ya yi karatu, ya dawo ya zama malami a Rauta. Wato haƙuri ya yi rana. Amma wa ya biya kuɗin wannan haƙurin? Uwarsa. Ita ce ta bar gida neman ɗanta, aka yaudare ta, aka mai da ta baiwa, aka ƙetara Sahara da ita, ba ta sake ganinsa ba sai da ajali ya kusa. Umar bauta ta kai shi ga ilimi, ita kuwa ta kai ta kabari. Ɗan shekara goma sha biyar ba zai ji nauyin wannan ba. Wanda ya haifa, ko yake jin labarin masu garkuwa da mutane kullum a rediyo, shi zai ji.

A nan ne kuma muke da ja da marubucin. Muryar Shaihu a sanyaye take har ta yi yawa. Ana kai hari ƙauye, ana jera mutane a kasuwa, shi kuwa yana ba almajiransa labari kamar mai lissafin zangon fatauci. Kirkin Abdulkarim ya kusa rufe mana ido daga sana'arsa. Wasu za su ce wannan sanyin shi ne gwanintar, tunda ya bar mai karatu ya yi fushin da kansa. Mun yarda rabi, rabin kuma muna nan muna gardama.

Irin wannan gardamar ba ta tasowa a karatu ɗaya. Shi ya sa muka ɗora wa kanmu shafi goma kowane dare kafin mu taɓa waya. Wani daren mukan karya alkawari, ba ma musu. Wata mai zuwa Jiki Magayi ne a layi, mu ga ko har yanzu muna bayan Abubakar a ramuwar gayyarsa kamar yadda muka kasance a aji uku.