Fuska, Jiki da Murya: Tsokaci a kan Yadda Aka Shirya Fim ɗin Enter the Ninja

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi fim ɗin Enter the Ninja, wanda kamfanin Cannon ya fitar a shekarar 1981 ƙarƙashin Menahem Golan da Yoram Globus. Manufar ita ce a nuna yadda abubuwan da suka faru a bayan fage suka shafi sigar jarumin fim ɗin, har suka zama al'adar da finafinan ninja na baya suka gada.

2.0 Jarumi Ɗaya, Mutum Uku

Tushen labarin ya fito ne daga Mike Stone, wani zakaran karate ɗan Amurka, kuma shi aka fara tsarawa zai fito a matsayin jarumi. Bayan an soma ɗauka a ƙasar Filifin, Golan ya karɓi aikin bayar da umarni daga hannun Emmett Alston, ya kuma maye gurbin Stone da Franco Nero, ɗan wasan Italiya da ya yi suna a fim ɗin Django na 1966. Nero yana da kwarjini, amma bai ƙware a dabarun faɗa ba. Saboda haka aka riƙe Stone ya tsara faɗace-faɗacen, ya kuma tsaya a madadin Nero a wuraren da ake buƙatar ƙwarewa. Bugu da ƙari, an ɗora wa Nero muryar wani ɗan wasa, domin Ingilishinsa mai karin Italiyanci bai dace da Cole, tsohon sojan da yake wakilta ba.

Ke nan abin da mai kallo yake ɗauka mutum guda ne, a haƙiƙa haɗin gambiza ne: fuskar Nero, jikin Stone, muryar wani daban. Abin da ya rufa wannan asiri shi ne takunkumin ninja. Muddin fuska tana rufe, jiki yana tafiya da zafin nama. Da zarar an yaye, sai motsin ya yi nauyi, mai tace hoto ya shiga yanke-yanke don ɓoye giɓin. Wannan shi ne babban raunin fim ɗin, domin labarin ya ginu ne a kan cewa Cole ya cancanci martabar da Hasegawa yake yi masa hassada a kanta, alhali idon mai kallo yana shaida akasin haka. Sho Kosugi, wanda ya fito a matsayin Hasegawa, shi ne gwanin gaske, kuma shi labarin ya hukunta wa faɗuwa.

Kamfanin da kansa ya gane hakan. A Revenge of the Ninja na 1983, wanda Sam Firstenberg ya ba da umarni aka kuma ɗauka a birnin Salt Lake, Kosugi ne ya zama jarumi, tare da ɗansa Kane. Sai dai gyaran bai daɗe ba, don a American Ninja na 1985 an sake komawa ga Bature, wato Michael Dudikoff, wanda shi ma bai taso da horon faɗa ba.

3.0 Tufafi da Suna

Farin kaya ga jarumi da baƙi ga abokin gaba dabara ce ta sauƙaƙa wa mai kallo rarrabe mutanen da ba a ganin fuskarsu. Ba ta da alaƙa da tarihin mutanen Iga da Koga na ƙasar Japan, waɗanda aikinsu leƙen asiri ne, wato sajewa da jama'a. Ɗan leƙen asirin da ya sa fari fat cikin daji ya tona wa kansa asiri tun kafin ya ɗaga takobi. Ita kanta kalmar "ninja" wani karatu ne na haruffan da aka fi furtawa "shinobi" a da, kuma bayan yaƙin duniya na biyu ne ta yaɗu ta hanyar littattafan hira da finafinai.

Wanda ya kai wannan dabara ta takunkumi maƙura shi ne Godfrey Ho na Hon Kon. Yakan ɗauki Richard Harrison a wasu 'yan fitowa, ya haɗa su da tsofaffin finafinan Asiya, ya ɗora sabuwar murya, sai fitowar ta bazu cikin finafinai da dama, irin su Ninja Terminator. Harrison ya sha kokawa cewa hakan ya zubar masa da daraja a sana'arsa.