Jinjina Ga Maƙeran Bindigar Toka

Ranar hawan Sallah, mutanen Kwangila da Tudun Wada kan yi tururuwa zuwa ƙofar fadar Zazzau, kuma kafin a hango dokin sarki, ƙarar 'yan bindiga ake fara ji. Kowa ya yaba maharbin, ba mai tambayar wanda ya ƙera abin da ke hannunsa. Shi nake yi wa jinjina yau.

Irin wannan bindiga da ake ɗura wa albarushi ta baki, fataken Turai ne suka shigo da ita ta gaɓar teku, ciki har da 'yan Denmak da suka yi sansani a Ankara ta ƙasar Gana. Maƙeranmu suka kwance ta, suka gane sirrinta, ta zama tasu.

Ba su da littafi. Makarantarsu ita ce gindin uwar maƙera. Yaro zai daɗe yana zuga, yana miƙa awartaki, yana koyon gane zafin ƙarfe daga launinsa, kafin a yarda ya taɓa kunamar bindiga. Sassaƙar ƙota ma darasi ne mai zaman kansa, domin in ba ta zauna daram a kafaɗa ba, mafarauci zai dawo da ita. Maigida ba ya sassauci a nan, kuma ina ganin gaskiyarsa, tunda ran mutum ake riƙewa.

Dokar makamai ta 1959 ta wajabta lasisi, don haka mai son koyo ya nemi izinin hukuma tukuna, sannan ya je gaida Sarkin Maƙera.